KARATUN BAKI DA KARATUN HANNU

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa, ga tambaya. Yaron da ya haddace farillan alwala bakwai cikin Ishmawi, aka miƙa masa buta, ya tashi diddigensa a bushe, shin ya san alwala? Bakinsa ya sani, hannunsa bai sani ba. To, da hannun nan ne za shi salla.

Ka sani ba haka aka karantar da sahabbai ba. Ammar ɗan Yasir janaba ta same shi a wurin tafiya, ba ruwa, sai ya yi birgima cikin ƙasa, yana zaton taimama ke nan. Da ya dawo, Manzon Allah (S.A.W.) bai ja masa dogon bayani ba. Ya buga tafukansa a ƙasa, ya shafi fuska da hannuwa, Ammar yana kallo. Sayyidina Usmanu ma, ruwa ya sa aka kawo, ya yi alwala a gaban jama'a.

Amma ka lura, ɗan'uwa, ido yakan ɗauki ɓarna kamar yadda yake ɗaukar gyara. Shehu Abubakar Mahmud Gumi, ɗan garin nan namu na Gummi, wanda ya rasu a 1992, sa'ad da yake koyarwa a Maru wajen 1949 ya tarar ana taimama alhali ga ruwa, har limami. Ya yi inkari, aka yi ta rigima. Kana tsammanin ba littafi a garin? Akwai mana! Sai dai abin da mutane suka ga babba yana yi ya rinjayi abin da ke cikin takarda.

Saboda haka, malam, kada ka ce girmanka ya wuce ka naɗe hannun riga gaban almajirai. Kai kuma maigida, yaushe rabonka da ka tsaya kan ɗanka yana alwala? Mu bar ma alwala. A yi rasuwa a gida, a rasa mace ɗaya da ta taɓa ganin wankan gawa, a bar mamaciya kwance ana yawon neman tsohuwa unguwa unguwa, alhali ’yan matan gidan sun karanta babin jana'iza.

Yau kafin magariba ka kira yaran gidanka bakin randa. Kai za ka fara, suna kallo. Sa'an nan ka miƙa wa ƙaraminsu butar, ka duba gwiwar hannu da diddige.