Kada Tausayi Ya Kashe Masa Hannu

Ɗana, idan Allah Ya jarrabi mahaifinka da shanyewar ɓarin jiki, ka yi hattara da tausayin da ke cutarwa. Ana dawowa daga asibiti sai a shimfiɗe shi a ɗaka, wannan ta ba shi abinci a baki, wancan ya sa masa riga, kowa na neman lada. Hannun da ya shanye kuwa yana ajiye bisa cinya, kullum yatsun na ƙara dunƙulewa.

Ciwon nan daga ƙwaƙwalwa yake. A da, likitoci sun ɗauka ƙwaƙwalwar baligi ba ta fitar da sababbin ƙwayoyi. A 1998 masu bincike Peter Eriksson da Fred Gage suka ba da rahoton ganin irin waɗannan ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar manyan mutane. A 2002 kuma, masana a Jami'ar Lund ta Suwidin suka toshe wa ɓeraye jijiyar jini ta ƙwaƙwalwa, sai ga sababbin ƙwayoyi suna tasowa suna nufar wurin da ya lalace. Ikon Allah! Amma kusan kashi 80 cikin ɗari nasu sun mutu cikin 'yan makonni, ragowar kuwa ba su maye gurbin ko kashi 1 cikin ɗari na waɗanda aka rasa ba. Don haka duk mai lasifikar da ya ce maka kwalbarsa tana tsiro da sabuwar ƙwaƙwalwa, riƙe kuɗinka.

Yawancin sauƙin da ake samu daga ƙwayoyin da suka tsira yake fitowa. Su ke ƙulla sababbin hanyoyi tsakaninsu, su karɓi aikin waɗanda suka mutu. Hanyar nan kamar turbar gona ce, sai ana binta take fitowa, in an bar ta ciyawa ta cinye. Kuma a watanni ukun farko ta fi saurin fitowa, daidai lokacin da wasu ke yawon neman maganin iska.

Ka kai shi wurin masu gashin ƙashi, ka koyi abin da suka nuna maka, ku riƙa yi a gida. Ka miƙa masa kofi ta ɓangaren da ya shanye. Ka bar shi ya yi kokawa da maɓallin rigarsa, ya ja carbinsa da wannan hannun, ko da zai yi maka faɗa. Zai ɓarar da kunu. A goge, a ƙaro masa.

Maganin hawan jini kuma kada a daina don an ga sauƙi, kai ma je a auna naka.