Sayi: Shin Ana Gadon Albarkar Malami?

Garin Sayi yana gaɓar yamma ta Kogin Kwara, kimanin kilomita 55 kudu da Yamai, a jihar Tilaberi. Ba shi da girman Damagaram ko kasuwar Maraɗi. Amma a 1890, da Ingila da Faransa suka zauna rabon ƙasar da ba tasu ba, daga Sayi suka ja layi zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi. Sunan ƙaramin garin ya kai har teburin Turawa, kuma mutum ɗaya ne ya ja masa wannan suna.

Shi ne Alfa Mahaman Jobbo, malami Bafulatani wanda asalinsa ke komawa yankin Masina. Ya biyo kogi yana yada zango, ya zauna a tsibirin Neni, daga bisani ya kafu a Sayi wajajen 1825, ya rasu wajen 1834. Zamaninsa zamanin jihadi ne. Tutoci na fita daga Sakkwato da Gwandu, Shehu Amadu ya kafa Hamdallahi a Masina. Sayi ta bi Gwandu, amma abin da mutanen yankin suka riƙe game da Alfa shi ne bai tara rundunar yaƙi ba. Allo da wa'azi da sasanta masu husuma su ne aikinsa. Zabarmawa da Fulani da sauran mutanen kogi suka riƙa zuwa da ƙafarsu, wasu neman karatu, wasu neman mafaka, har zango ya zama gari.

Da ya rasu, sai ɗansa Abubakar ya gaje shi, kuma har yau zuriyarsa ke riƙe da sarautar garin da laƙabin Alfaize. Malamin da bai nemi mulki ba ya bar gidan mulki. To me 'ya'yansa suka gada? Rawani da filaye ana iya miƙa su hannu da hannu. Tsoron Allah da ya sa mutane suka tsallako kogi fa?

Alƙur'ani bai ba da amsa mai fuska ɗaya ba. A Suratu Hud, ɗan Annabi Nuhu ya halaka a ruwa yana ɗan annabi, nasaba ba ta fisshe shi ba. A Suratul Baƙara, da Annabi Ibrahim ya roƙa wa zuriyarsa shugabanci, an sanar da shi cewa azzalumai daga cikinsu ba su da rabo. Sai kuma Suratul Kahfi, inda aka gyara katangar marayu biyu don kada dukiyarsu ta tozarta, dalilin da aka ambata kuwa shi ne mahaifinsu mutumin kirki ne. Ke nan nagartar uba tana iya yi wa 'ya'ya inuwa, amma ba ta yi musu salla, ba ta yi musu karatu. Wanda ya ce jika ba ya samun komai daga kakansa salihi ya saɓa wa labarin marayun nan. Wanda kuma ya mai da sunan kaka jari, yana karɓar sadaka da sumbatar hannu ba tare da ya buɗe littafi ba, labarin ɗan Nuhu na jiransa.

Wannan damuwa ba baƙuwa ba ce a daular da Sayi ta bi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da kansa, ganin yadda abokan jihadi suka karkata ga dawakai da dukiya, ya bar runduna da niyyar tafiya Makka, mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Diya'ul Hukkam don koya wa masu mulki iyakarsu.

Shekara kusan 20 bayan rasuwar Alfa, a watan Yunin 1853, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya tsallaka kogi a Sayi kan hanyarsa ta Tumbutu. Ya tarar da Abubakar a kan mulki, ya tarar da gari mai ƙarancin jama'a da kasuwa maras armashi, domin tawayen Kabawa da Zabarmawa ya toshe hanyoyin fatake. Albarkar uba ba ta hana yaƙi karya ciniki ba, kuma bai kamata a zaci za ta hana ba.

Abin da bai karye ba shi ne karatu. Zaurukan Sayi sun ci gaba da koyar da Alƙur'ani da tafsiri, almajirai na zuwa daga ƙauyukan kogi, kabarin Alfa kuma ana ziyartarsa. Wannan shi ne gadon da ya fi cancanta a yi taƙama da shi, domin ƙofarsa ba a rufe take ga bare ba: ɗan masunci da ya durƙusa gaban allo ya fi kusa da Alfa Jobbo a kan jikan da ya yi watsi da shi. Da ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke shawara a taron Lahore na 1974 cewa a gina jami'o'i biyu a Afirka, ɗaya ta tafi Mbale a Yuganda, ɗayar kuma aka kafa ta a Sayi, ta buɗe a 1986. Ɗaliban da ke zuwa can daga Najeriya da Mali da Benin da Burkina Faso, ba wanda ke tambayarsu ko jinin Alfa na gudana a jikinsu kafin a rubuta sunansu.