AI MAGANI NE, TO INA LAIFI?

Ya ɗan'uwa mai karatu, ka san bakin Komadugu lokacin tsinkar tattasai. Tun da asuba mutane suna sunkuye cikin gonaki, daga kewayen Diffa har gabas wajen Bosso. Rana ta take, baya ya ƙage, aiki kuwa da saura. A nan ne wani yakan sa hannu cikin aljihu, ya ciro 'yar ƙwaya, ya kora da shayi. Sunanta tramadol, a kasuwa ana ce mata tramol. In ka yi masa magana sai ya ce, "Ai ba giya ba ce. Magani ne, a asibiti ma ana ba da shi." Watakila ɗanka ne ya amsa maka haka. Watakila kuwa kai ne ka amsa wa matarka.

Gaskiyarsa, magani ne. A ƙasar Jamus aka haɗa shi cikin shekara ta 1962, aka soma sayarwa a 1977, domin mai ciwo mai tsanani, kamar wanda ya karye ko wanda aka yi wa aiki a asibiti. Mu masu bi ba mu ƙin magani. Sa'ad da sarki Hezekiya ya kwanta da maruru, annabi Ishaya ya sa aka manna masa curin ɓaure. Luka ma, abokin tafiyar Bulus, likita ne.

Amma magani da ma'auninsa yake tafiya. Likita yakan ba da miligiram 50 ko 100, ba ya kuwa yarda babban mutum ya wuce 400 cikin yini da kwana. Wadda mai talla yake sayarwa a kan tire, sau da yawa 225 aka rubuta a jikin takardarta. Yi lissafi da kanka. Biyu kaɗai sun kai 450, ga shi azahar ba ta yi ba. Saboda haka doka ta ce sai da takardar likita, a Nijeriya kuma an hana mai ƙarfin da ya wuce 100. Cikin watan Satumba na 2017 an kama ƙwayoyi fiye da miliyan 3 a nan Nijar, an ɓoye su cikin kwalaye masu tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya. Abin da yake na lafiya, me zai sa a shigo da shi da rigar aro?

Yanzu ga tambayar da nake so ka auna. Gajiya cuta ce? Ka duba injin ban ruwanka. In ya soma ƙara domin mansa ya ƙare, kakan toshe kunnenka ne ka bar shi yana aiki? A'a, kakan kashe shi da sauri, gama ka san kuɗinsa. To, gajiya ita ce ƙarar jikinka. Allah ne ya sa ta, domin ta gaya maka lokacin ci, da sha, da kwanciya ya yi. Ƙwayar nan ba tuwo a cikinta, ba ta ƙara maka ƙarfi ko kaɗan. Kunne kawai take toshewa. Ƙarfin da kake ji na gobe ne ka ranto, mai bashin kuwa ba ya yafewa.

Na san abin da za ka ce. "Malam, ina da iyali. In ban gama aikin nan ba, me za su ci?" Ban raina wannan magana ba. Tun 2015 da tashin hankali ya sauka a kwarin nan, mutane da yawa sun bar gonakinsu, wanda ya sami aikin yini kuwa ba ya so ya kuɓuce masa. Amma ƙwaya ɗaya ba ta tsayawa ɗaya. Jiki yakan saba, ya nemi biyu, ya nemi biyar. Kuɗin cefane ya koma wurin mai tire. In ta yi yawa takan kā da mutum da jijjiga kamar farfaɗiya, takan kuma rage numfashi, balle in an haɗa da giya. Wanda jijjiga ta kama a bakin kogi, wa zai ciyar da iyalinsa?

Bulus ya gargaɗi ikilisiyar Koranti a kan kada wani abu ya mallake su, ko da abin halal ne. Ka gwada kanka. Ran Lahadi ba aiki, ba ciwo. Ka iya zama cikin sujada ba ka sha ba? In hankalinka yana wurin aljihunka, to ka sami ubangiji na biyu, ai kuwa Yesu bai fanshe ka da jininsa domin ka bauta wa wani ba.

Kai kuma mai gona, da kai nake. Akwai masu jefa ta cikin shayin 'yan ƙodago domin aiki ya yi sauri. Yaron da ka ɗauka ɗan wani ne. Da Allah ya ba da ranar hutu, bai ba maigida shi kaɗai ba, ya sa bara da jaki a ciki. Buhunan tattasai nawa ne za su biya uwar da ɗanta ya lalace a gonarka?

In ka riga ka saba, kada ka ɓoye, kada kuma ka yanke gaba ɗaya da kanka, gama gumi da ciwon gaɓoɓi da zawo da rashin barci za su tura ka baya. Ka gaya wa Ubangiji, ka gaya wa fasto ko dattijon da ka amince da shi, ya raka ka asibiti mafi kusa ko babban asibitin Diffa. Ka faɗa wa likita guda nawa kake sha a yini, kada ka rage ko ɗaya, shi zai riƙa rage maka kaɗan kaɗan. Ke kuma uwa, in jijjiga ta kama ɗanki, ki janye shi daga wuta da ruwa, ki kwantar da shi ta gefe, kada ki sa masa cokali ko ruwa a baki. In ya lafa a kai shi asibiti, ki tafi da takardar ƙwayar da kika samu cikin aljihunsa.