Bangaskiya ko Aiki: Wa Kowane Ɓangare Yake Karewa?

Me ke ceton mutum, bangaskiyarsa ko kyawawan ayyukansa? Wannan tambaya ta raba Kiristocin Turai gida biyu shekaru 500 da suka wuce. Wanda ya ji ta daga nesa zai ɗauka gardamar malamai ce kawai. Ni kuwa ina ganin kowane ɓangare akwai mutumin da yake jin tsoron a zalunta, kuma sai mun gane wannan mutumin za mu fahimci gardamar.

A shekarar 1517 wani mai wa'azi, Johann Tetzel, yana yawo a ƙasar Jamus yana sayar da takardun sassaucin horon zunubi, ana tara wani kaso na kuɗin don ginin majami'ar Bitrus a Roma. Martin Luther, malamin tauhidi a garin Wittenberg, ya rubuta batutuwa 95 yana ƙalubalantar wannan ciniki. Daga baya ya tsaya a kan cewa bangaskiya kaɗai ke sa Allah ya karɓi mutum, domin ceto kyauta ce. Cocin Katolika ta ba da amsa a taron Trent a 1547: alherin Allah ne ke fara komai, amma dole mutum ya ba da haɗin kai, kuma aikin da ya yi cikin alherin yana da lada.

Kowa da madogararsa a cikin Littafi Mai Tsarki. Luther ya jingina da wasiƙun Bulus ga Romawa da Galatiyawa. A Galatiya wasu sun matsa cewa wanda ba Bayahude ba sai ya yi kaciya, ya bi Shari'ar Musa, kafin a ƙirga shi cikin masu bi. Bulus ya ƙi. Wanda yake karewa shi ne mai hannu wofi: baƙon da ba shi da asali a cikin jama'ar, da mai laifin da lokaci ya ƙure masa. Misalinsa shi ne ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu a Linjilar Luka, wanda aka yi wa alkawarin Firdausi alhali ba shi da sauran damar yin sadaka ko mayar da kayan sata. Idan ceto na sayarwa ne, mai kuɗi da mai tsawon rai sun riga kowa.

Wasiƙar Yaƙub kuma wani take kallo. A sura ta 2 ta kawo mutumin da ya ga ɗan'uwansa ba sutura ba abinci, ya yi masa fatan alheri da baki, bai ba shi komai ba. Bangaskiyar irin wannan mutum, a wurin Yaƙub, gawa ce. Wanda yake karewa shi ne mai yunwar da ke bakin ƙofa. Idan aka ce wa mai hali aikinka ba ya ƙara maka komai, maƙwabcinsa ne zai kwana da yunwa. Luther bai ji daɗin wannan wasiƙa ba, har ya kwatanta ta da tattaka a gabatarwar fassararsa ta 1522, amma bai cire ta ba.

To, mai karatu, wanne za ka sadaukar a cikin biyun nan? Ka ɗora komai a kan aiki, ka haifi ɗan kasuwa mai lissafi da Allah, wanda ke ciyar da maraya don a rubuta masa, maraya ya zama tsani. Ka ɗora komai a kan furcin baki, ka haifi mai danne haƙƙin ma'aikacinsa ranar Asabar, ya shiga sahun gaba ranar Lahadi hankali kwance.

Harshenmu ya sauƙaƙa abin da ya wahalar da Turawa. Kalmar da Kiristoci masu jin Hausa ke kiran kyautar Allah da ita ita ce alheri, kuma da ita muke kiran abin da mutum ke yi wa ɗan'uwansa. Alheri ake karɓa, alheri ake miƙawa. Wanda aka yafe wa bashin da ba zai iya biya ba, in har ya san girman abin da aka yi masa, zai yi wuya ya shaƙe wuyan wanda yake bi ɗan canji. Labarin zuciya a tambayi fuska. Labarin bangaskiya kuma a tambayi maƙwabci.

A ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg, wakilan Katolika da na Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a kan matsaya guda: da alherin Allah ake karɓar mutum ta bangaskiya, ba don cancantarsa ba, kuma wannan alherin ne ke kiransa ga aiki nagari. Mabiya Methodist suka bi sahu a 2006. Ba duk majami'u suka amince ba, kuma sauran saɓani na nan. Amma matsayar ta bar wa mai hannu wofi ƙofa a buɗe, ba ta kuma sallami mai hali daga haƙƙin mai yunwa ba.