Bashin da Nico Mannion bai ci ba

Ranar 4 ga Yuli, 2021, ƙungiyar ƙwallon kwando ta ƙasar Italiya ta je Belgired ta doke Sabiya a gidanta da ci 102 da 95, ta karɓi tikitin wasannin Olamfik na Tokiyo. Rabon Italiya da wannan dandali tun 2004, lokacin da ta ɗauko lambar azurfa a Atens. Wanda ya fi kowa zuba maki a cikin 'yan Italiya a daren nan wani saurayi ne mai jan gashi, ɗan shekara 20, Nico Mannion, wanda ya ci 24. Duk da haka, yau idan aka ambaci sunansa a gaban masu bibiyar gasar NBA ta Amurka, da yawa sai su girgiza kai, su ce yaron nan an ci buri a kansa bai kai ko'ina ba.

Wannan girgiza kan ce muke so mu tsaya a kanta. Mukan yi ta kamar wanda aka cinye wa kuɗi. To wa ya ranta wa yaron, kuma me aka ranta masa?

An haifi Niccolò Mannion a garin Siyena ranar 14 ga Maris, 2001. Mahaifinsa, Pace Mannion, Ba'amurke ne da ya buga NBA kafin ya koma Italiya da wasa. Mahaifiyarsa, Gaia Bianchi, 'yar Italiya ce, ƙwallon raga ta buga. A Amurka ya tashi, da farko a jihar Yuta, daga baya a Arizona. Tun yana makarantar sakandare hotunan bidiyonsa suka fara yawo a intanet: siririn yaro, jan gashi, ya tashi sama ya danna ƙwallo cikin kwando. A 2017 mujallar Sports Illustrated ta yi dogon rubutu a kansa, yana ɗan shekara 15. A shekarar ce bai samu shiga tawagar matasan Amurka ba, sai ya sa rigar ƙasar mahaifiyarsa, ya je gasar Turai ta 'yan ƙasa da shekara 16 ya yi fice. Yana da 17 ya fara buga wa babbar tawagar Italiya.

Da ya shiga Jami'ar Arizona a 2019, masu hasashe sun sa shi a sahun gaba na waɗanda NBA za ta ɗauka. Ya yi kakar wasa guda, yana cin maki 14 a kowane wasa idan an daidaita, yana kuma miƙa ƙwallon da ake ci da ita sau biyar da 'yan kai. Ba lalacewa ba ce. Amma jifarsa daga nesa, wadda ake ba wa maki uku, ba ta kai ɗaya cikin uku da ke shiga ba, masu awo kuma suka ce hannayensa ba su da tsawo. Annobar korona ta katse kakar kafin babbar gasar jami'o'i, inda yaro kan wanke kansa a idon duniya. A watan Nuwamba na 2020 Golden State Warriors ta ɗauke shi a matsayin na 48 cikin 60. Ita ce kuwa ƙungiyar da ta ɗauki mahaifinsa a 1983. Ya buga wasa 30 a bayan Stephen Curry, wanda gurbinsu ɗaya, sannan ya tattara ya koma Italiya.

Abin da ya faru ke nan. Yanzu mu duba lissafin da muke yi masa. Mun ɗauki abin da muka yi zato, mun debe abin da ya samu, ragowar muka rubuta a kansa a matsayin bashi. Matsalar ita ce adadin farko ba daga bakinsa ya fito ba. Ɗan shekara 15 bai kira 'yan jarida ya ce zai zama wani abu ba. Manya ne suka kalle shi, suka auna tsallensa, suka jera shi a kan wasu yara, suka sayar da labarin. Da hasashen ya sha ƙasa, ba mu ji an tuhumi mai hasashen ba. Shi an bar shi ya ci gaba da sana'arsa, a bana ma yana da sabon yaro da yake nunawa da yatsa. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan ɗabi'a. Yaro ya zo na ɗaya a aji uku sai mu laƙaba masa Dakta, ranar da ya zama malamin makaranta kuwa mu riƙa gaishe shi da muryar jaje.

Sai dai maganar ba ta ƙare a nan ba, kuma rashin adalci ne mu yi kamar ta ƙare. Mai ƙorafi yana da hujja biyu masu nauyi.

Ta farko: yaron ya ci moriyar zuzutawar. Ita ta buɗe masa ƙofofin da wasu yara masu hazaka irin tasa suka yi ta ƙwanƙwasawa ba a buɗe ba. Sunan mahaifinsa ma ya yi masa rana. Wanda ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski. Wannan gaskiya ne gwargwado. Amma mu lura da wanda ya biya ladan. Jami'ar ta ba shi gurbi, ya buga mata. Ƙungiyar ta ba shi kwantiragi, ya yi mata aiki har wa'adi ya cika. Tsakaninsa da waɗannan an yi ciniki an rabu. Mu 'yan kallo, da muka fi kowa ɗaga murya, abin da muka bayar shi ne ido, kuma a take aka biya mu da nishaɗin da muka zo nema.

Hujja ta biyu ta fi wuya. Baiwa amana ce. Wanda Allah ya ba abin da bai ba wasu ba, ba shi da ikon ya yi wasa da shi sannan ya ce ba ruwan kowa. Mun yarda da wannan ɗari bisa ɗari, kuma ba ma cikin masu cewa kowa ya yi abin da ransa yake so. Amma amana a kan me? A kan abin da ke hannun mutum: ya tashi atisaye, ya ji maganar koci, ya kula da jikinsa, kada ya sayar da wasa. Tsawon hannu ba ya cikin wannan. Haka nan samun kai a ƙungiyar da Curry yake riƙe da gurbinka. Haka nan cuta. Jim kaɗan bayan Tokiyo, daidai lokacin da ya sa hannu da Virtus ta Bolonya, ciwon hanji ya kwantar da shi, ya rame ƙwarai, har ya ɗauki lokaci kafin ya dawo fili. A kakar nan Virtus ta ci kofin EuroCup, shi kuwa rawar da ya taka kaɗan ce. A kakar nan dai Golden State da ya baro ta ci kofin NBA. Mai son ya yi masa dariya ya samu abin yi. Mai son ya tuhume shi da cin amana kuwa sai ya fara nuna mana ranar da yaron ya zaɓi rashin lafiya.

Abin da ke rikita mu shi ne mun haɗa tambayoyi biyu mun mai da su ɗaya. Ko ya kai inda aka yi zato? A'a. Ko ya yi sakaci da abin da aka ba shi? Wannan tambaya ce daban, tana buƙatar shaida daban, kuma amsar ta farko ba ta amsa ta. Muna son haɗa su ne domin hakan ya fi daɗi. Idan duk wanda bai kai ba laifinsa ne, to duniya tana tafiya bisa ƙa'ida, mu ma za mu kwana da tabbacin cewa namu ƙoƙarin ba zai faɗi ƙasa banza ba. Yarda cewa mutum zai iya yin duk abin da ya dace kuma ƙofa ta ƙi buɗuwa abu ne mai tayar da hankali, shi ya sa muke gwammace mu ɗora wa yaro.

Ga kuma ma'aunin kansa. NBA tana da ƙungiyoyi 30, kowacce da cikakkun gurabe 15, wato 450 ga duniya baki ɗaya. Idan duk wanda ba ya cikin waɗannan ya gaza, to kalmar ta daina nufin komai. Da idon Ba'amurke, komawa Turai koma-baya ne. Da idon ɗan Bolonya, garin da ake yi wa laƙabi da birnin ƙwallon kwando saboda adawar Virtus da Fortitudo, zancen ba haka yake ba.

Abin da ya fi ba mu sha'awa a tafiyarsa ba daren Belgired ba ne. A 2023 ya koma Baskonia ta Sifaniya, ƙungiya mai buga EuroLeague, gasa mafi girma a Turai. Abin bai yi ba, benci ya fi yawa. A watan Disamba ya bar ta ya koma Varese, ƙungiya mai tsohon tarihi wadda a lokacin take fama a ƙasan teburin gasar Italiya. Ga wanda aka taɓa haɗa sunansa da manyan NBA, wannan saukowa ce da kowa zai gani. Ya sauko ɗin, aka damƙa masa ƙwallo, ya dawo yana zuba maki. Wanda ke wasa don kare sunan da aka yi masa yana yaro, da wuya ya yarda a gan shi a can. Wanda ke son wasan kansa shi ne zai je.

A daren Belgired akwai wani a gefensa da ya ci maki 21, Simone Fontecchio, ɗan garin Peskara. Shi babu mujallar Amurka da ta waiwaye shi yana yaro. A zaɓen NBA na 2017 ba wanda ya kira sunansa. Ya daɗe yana ɗumama benci a Olimpia ta Milan, har aka ba da aronsa ga Kiremona, sannan ya bi ta Rejiyo Emiliya da Barlin da Baskonia. A 2022, yana da shekara 26, Utah Jazz ta ɗauke shi, wato ƙungiyar da Pace Mannion ya taɓa bugawa, a jihar da Nico ya yi ƙuruciya. Masu hasashe sun kuskure a kansa kamar yadda suka kuskure a kan abokinsa, sai dai wannan kuskuren ba wanda ya kai ƙara. A watan Nuwamba na 2024 Olimpia ɗin nan ta Milan ta ɗauki Mannion daga Varese, yana da shekara 23.