Sabulun Gida: Ina Tattali Ya Tsaya, Ina Rowa Ta Fara?

A shekarar 2023 manyan kamfanoni uku da suka daɗe suna cika kantunan Najeriya da kayan wanka da wanki suka ja da baya, ɗaya bayan ɗaya. A watan Maris Unilever ya sanar da cewa zai daina yin Omo da Sunlight da sabulun Lux a ƙasar. A Agusta GSK, mai man goge baki na Macleans da Sensodyne, ya ce zai naɗe tabarmarsa. A Disamba kuma Procter & Gamble, mai Ariel da Pampers, ya ce zai dakatar da sarrafa kaya a nan ya koma shigo da su daga waje. Ana cikin haka aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Zuwa Disambar 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari.

Irin wannan lissafi a ɗakin uwargida yake sauka. Ita ce ke ganin sabulun da a da yake kai mako biyu ya koma ana yanka shi gida uku, ana ɓoye biyu a saman sif. Ita ce ke farke kwalin man goge baki da reza ta kwashe abin da ya maƙale a ciki, ta tara gutsattsarin sabulu a cikin tsohuwar safa ta mayar da ita soson wanke-wanke. Daga nan sai aka soma tuna abubuwan da aka raina: asuwakin darbejiya, man kaɗanya, sabulun salo, lallen da ake dakawa a turmi, ganyen magarya na wanke kai. Matan da iyayensu suka bar haɗa sabulu saboda "an waye" yanzu biyan kuɗi suke a koya musu.

Aikin kuwa ba na wasa ba ne. Mai sabulun gargajiya takan ƙona karan dawa ko na gero har ya zama farar toka, ta zuba a tukunya mai huda a gindi wadda aka shimfiɗa wa ciyawa ko tsumma, ta riƙa tsiyaya ruwa yana ɗiga a ƙasa, ja-ja kamar shayin da ba madara. Wannan ruwan tokar za ta ɗora a wuta ya yi ta tafasa har ya yi kauri, sannan ta zuba man kaɗanya ko alayyadi ta kama tuƙi da muciya. Kumfa ya taso ta rage wuta, ya kwanta ta ƙara. Sai hannu ya gaji kafin abin ya kama jikinsa ya yi baƙi, a sauke a dunƙula. Sinadarin fotash da ke cikin toka shi ke haɗuwa da mai ya zama sabulu, shi ya sa sabulun toka ke da laushi, kuma in aka bar shi cikin jiƙaƙƙen kwano yini guda sai ya narke. Masu dabara kan gutsiri na wanka ɗaya su bar sauran a bushe.

Tambayar da ke biyo baya ta fi sabulun nauyi. Gidan da ake yin wannan duka, gidan masu tattali ne ko na marowata? Daga waje ba a iya bambancewa, domin safar da aka cika da gutsattsarin sabulu iri ɗaya ce a gidajen biyu.

Addini dai bai taɓa raina tattali ba, ko a cikin ibada. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu guda na ruwa, yana wanka da sa'i guda zuwa mudu biyar. Mudun Annabi, wanda ake auna zakkar fid-da-kai da shi, a ƙiyasin mafi yawan malamai bai kai lita guda ba. Ledar fiya-wata ɗaya da rabi ta isa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin alwala na masallacin Juma'a ya ga famfo a buɗe mutum na gaisawa da abokinsa ya san nisan da ke tsakanin wannan ma'auni da halin jama'a. A Suratul Furƙan, aya ta 67, an lissafa tsaka-tsaki wajen ciyarwa, ba ɓarna ba ƙwauro, cikin siffofin bayin Allah na ƙwarai, a jere ɗaya da tsayuwar dare.

Malaman fiƙihun Malikiyya sun bi abin har cikin tulun mai. A Risala, wadda ɗalibai ke biyawa a zaurukan Kano da Zariya da Damagaram, an kawo mas'alar ɓeran da ya mutu a cikin mai: in man ruwa-ruwa ne ba a cinsa, amma ana iya kunna fitila da shi a wurin da ba masallaci ba; in daskararre ne a cire ɓeran da abin da ke kewaye da shi a ci sauran. Masu sharhin littafin Mukhtasar na Shehu Khalil, irin su Shehu Dardir, suka ƙara da cewa man da najasa ta faɗa wa ana iya yin sabulu da shi, a wanke tufa, a ɗauraye da ruwa mai tsarki. Wato ko abin da ya haramta a kai baki ba a yarda a zubar da shi ba matuƙar yana da sauran amfani. Matar da ke tace man da ta gama suyar ƙosai ta ajiye don haɗa sabulun wanki, ko ba ta taɓa buɗe littafin ba, a kan layin malaman take.

To amma littattafan da suka koyar da haka su ne suka kafa wa tattalin shinge, kuma wannan ɓangaren ne ba a cika karantawa da ƙarfi a majalisar maza ba.

Shehu Khalil, malamin Misra na ƙarni na 14, da ya zo babin ciyar da iyali a Mukhtasar bai tsaya kan hatsi da tufa da wurin kwana ba. Ya sa ruwa da mai da itacen girki da gishiri, sannan ya sa kayan adon da mace ke cutuwa in ta rasa su, ya ambaci kwalli da man shafawa na al'ada da lalle da abin gyaran gashi. Duk a wuyan miji. Har ya bambance cewa kwallin wajibi ne a kansa, tandun da ake zuba shi kuwa ba wajibi ba ne. Malamin da ya zauna ya raba tsakanin kwalli da tandunsa ba zai ɗauki man shafawar mace a matsayin alfarmar da miji ke yi in ya ga dama ba.

Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya ɗauki tambayar tattali da rowa kai tsaye a littafinsa Ihya'u. A wurinsa marowaci shi ne mai riƙe dukiya a inda ya kamata ya sake ta, kuma abin da ya kamata iri biyu ne: wanda shari'a ta wajabta da wanda mutunci ya wajabta. Ya ba da misalin mutumin da ke bai wa iyalinsa daidai abin da alƙali ya yanka, sannan ya tsaya yana yi musu ƙwauro a kan loma ɗaya ko dabino guda da suka ƙara. Ba za a kama shi da laifi a kotu ba, amma kowa ya san sunansa. Tun zamanin Annabi (SAW) ma an kai irin wannan ƙara: Hindu 'yar Utba ta ce mijinta Abu Sufyan mutum ne mai maƙo, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da 'ya'yanta, aka yi mata izini ta ɗebi abin da zai wadace su gwargwadon al'ada. Ba a ce ta je ta ƙara haƙuri ba.

A ɗora wannan a kan gidan yau. Uwargida ta koyi haɗa sabulun ruwa, ta sayi kayan haɗi da kuɗin adashenta, ta ɓata yini tana juyawa a bokiti. Wata ya zagayo ta ce, "Maigida, ba a ba da kuɗin sabulu ba." Ya ce, "Ba ke kike haɗawa ba?" Daga ranar kuɗin sabulu ya fita daga lissafinsa, bai kuma shiga hannunta ba. Shi a ganinsa gidansa ya iya tattali. Gaskiyar magana ita ce nauyin da shari'a ta ɗora masa ya sauke a kan jarinta da ƙarfinta, alhali a shari'a da al'adar Hausa abin da mace ta samu da sana'arta nata ne. In ta yafe da daɗin rai, sadaka ta yi, kuma ladanta yana wurin Allah. In kunya ko tsoron fitina ya sa ta yi shiru, bashi ne.

Nan ne bambancin yake, kuma ba a yawan abin da aka rage ake gane shi ba. Ana duba daga ina aka rage. Mai tattali daga ɓarna yake yankowa: famfon da ke zuba, tuwon da ke kwana a zubar, man da aka saya don kwalbarsa ta yi kyau a gaban madubi. Marowaci kuwa daga haƙƙin wani yake yankowa, galibi wanda ba shi da bakin magana. Mai kulle sito ya tafi kasuwa da makulli a aljihu ba ya cikin waɗanda Suratul Furƙan ta yaba, ko da ya haddace ayar.

Jiki ma yana cikin masu haƙƙin, kuma a nan ne sha'awar "kayan gargajiya" ke bukatar a taka mata birki. Kwalli misali ne mai ɗaci. Hadisai sun yabi kwallin ismid, amma da yawa daga kwallin da ake sayarwa a kasuwa dutsen dalma ne aka niƙa. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka gano gubar dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan iyaye 'yan Najeriya. Da aka auna kwallin da ake sa masa a ido, wanda aka kawo daga gida Najeriya, sai aka tarar kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa rahoton a 2012, har ta ambaci sunayensa na Hausa, kwalli da tozali. Dalmar nan ita ce dai wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010. Kakar da ke rangaɗa wa jariri kwalli ranar suna da ƙauna take yi, sai dai ƙwaƙwalwar jariri ba ta jure dalma komai ƙanƙantarta.

Haka soda da ake haɗa sabulun zamani da ita. In an jiƙa ta fara ce tas kamar ruwan sha, ga shi mutane na da ɗabi'ar ajiye ta a gorar lemo. Yaron da ya kurɓa, maƙogwaronsa ke ƙonewa ya tsuke, wani sai an yi ta yi masa aiki kafin ya iya haɗiyar abinci. Likitocin yara a Afirka ta Yamma sun daɗe suna kuka da wannan. Ƙa'idar aikin ma da yawa ba a koya musu ita: sodar ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin soda ba, da safar hannu, a wuri mai iska, kuma sabulun sanda sai ya sha iska mako huɗu zuwa shida kafin ya taɓa fata. Ga baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi don ya kama da wuri, wanda ke tayar wa wasu amare da ƙuraje da tabo. Ga man haɗi na bilicin da ake damawa a roba ba suna ba lamba, cike da sinadaran da ke sa fata ta yi siriri ta riƙa tsagewa. Duk waɗannan a gida ake haɗa su, duk sun fi na kanti araha, ƙa'idar fiƙihu kuwa a fili take cewa ba a cutar da kai ba a cutar da wani.

Mai haɗawa don sayarwa tana da ƙarin nauyi. Muslim ya ruwaito yadda Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tsibin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar masa a kan ɓoye jiƙaƙƙen a ƙarƙashin busasshe. Sabulun ruwan da aka tsinka da ruwa aka ƙara masa gishiri don ya yi kauri a ido, ko man kaɗanyar da aka cakuɗa da wani mai ana ce wa mai saye zalla ne, hukuncinsu bai bambanta da na wancan tsibin ba. Talauci na sa a ji tausayin mai sayarwa, amma mai sayen ma talaka ce.

Wani gefen kuma akwai masu jin kunyar a ga sabulun salo a banɗakinsu, su ci bashi don a ga kwalaben waje a akwatin lefe. Su ma ayar Suratul Furƙan ta shafe su, ta ɗaya ɓangaren. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da ƙwarar kaɗanya, har gwamnati ta dakatar da fitar da ɗanyarta na wata shida a Agustan 2025 don a riƙa sarrafa ta a gida. Man da ake sayowa da tsada daga Faransa ko Ingila, sau da yawa kaɗanyar Afirka ta Yamma ce a ciki, an ƙara mata ƙamshi da kwali.

Saura malamai masu karantar da babin ciyarwa su riƙa kai shi har ƙarshe, su karanta wa magidanta layin kwalli da man shafawa da lalle kamar yadda suke karanta wa mata babin biyayya. Maigidan da matarsa ta sauƙaƙe masa kuɗin sabulu da aikin hannunta ya biya ta kuɗin kayan haɗi, ya bar mata rarar. Mai ajiye soda a gida kuma ta rubuta suna a jikin mazubin, ta ɗora shi inda hannun yaro ba ya kaiwa, kada ta taɓa zuba ta a gorar ruwa ko ta lemo.