Hanyar Nan Ta Wa Ce?

'Yan'uwa, duk wanda ya fito daga Zinyau da sassafe ranar kasuwa ya san abin da za mu yi magana a kai. Ga mutum bisa keke, ya ɗaura buhun masara a baya, kaji biyu suna reto a gaba, yana taka feda a hankali ya nufi Rano. Sai babbar mota ta taso daga bayansa, direba ya danna oda tun daga nesa. Mai keke ba ya tsayawa shawara, sai ya sauka daga kwalta ya faɗa cikin rairayi. Wani lokaci ya tsira da kayansa, wani lokaci buhu ya fashe. Mota ta wuce, yaron mota ya leƙo ya yi masa daƙuwa. Shi kuma ya tashi ya kakkaɓe riga, yana zagin mutumin da ba zai ƙara gani ba.

Mun saba da wannan har mun ɗauka haka duniya ta ke. Amma bari mu tambayi kanmu, hanyar nan ta wa ce?

Direba ya kan ce kwalta don mota a ka yi ta, shi ne kuma ke biyan lasisi. Kada mu yi saurin raina maganarsa. Yawancin direbobin da ke bin hanyar Rano da Kibiya ba su ne masu motocin ba. Akwai kuɗin da za su kai wa mai mota da yamma, ko an samu ko ba a samu ba. Wanda ya ɗauko tumatir daga gonakin rani na wajen Bunkure da Kura, inda ruwan madatsar Tiga ke shiga tun bayan da a ka gama ta a 1974, ya san kayansa ba su jira, in rana ta yi sai su ruɓe. Ga shi kuma mota mai lodi ba ta tsayawa nan take. In gudu ya ninka biyu, nisan da za ta ja bayan an taka birki ya kan ninka huɗu. Mai keke da ya karkato cikin hanya ba zato ya jefa direba cikin abin da ba shi da iko a kai.

Mai keke kuwa ya kan ce ƙafa da jaki sun riga taya bin wannan hanya, keke kuma ya riga mota shiga ƙauye. Gaskiyarsa. Kakanninmu da su ka sayi Raleigh da kuɗin gyaɗa ba su nemi iznin kowa ba kafin su hau hanya. Tun da a ka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, mutane da dama da su ka jingine keke sun sake fito da shi, gama kuɗin mota ya fi ƙarfinsu. Ba don sha'awa su ke kan kwalta ba.

To, in kowa yana da hujja, ina bambancin? Ga shi. In su biyu su ka yi karo, direba ya kan yi asarar fitila ko madubi, mai keke kuwa ya kan yi asarar ƙafa ko rai. Kuskuren na iya zama iri ɗaya, amma abin da kowa zai biya ba ɗaya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a hanyoyin duniya kowace shekara, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya a ƙasa ne, da masu keke, da masu babur.

A kan hanya mun kafa wata al'ada, ƙarami ya kauce wa babba. Mai ƙafa ya kauce wa keke, keke ya kauce wa babur, babur ya kauce wa mota, mota ta kauce wa tirela. Mu kan kira wannan girmamawa, amma tsoro ne kurum. A cikin gida ba haka mu ka san girma ba. Hausawa sun ce babba juji ne. Maigida ne ke rage sauri in yana tafe da yaro, shi ne ke haƙuri in yaro ya yi wauta. Ƙaƙa girma zai zama nawaya a cikin gida, a kan kwalta kuwa ya zama izni na ture mutum? A Ingila ma sun kai ga wannan tunani. A watan Janairu na 2022 su ka gyara littafin ƙa'idodin hanyarsu, su ka rubuta cewa wanda abin hawansa ya fi iya yin ɓarna, shi ya fi ɗaukar alhakin kiyayewa, direba kuma ya bar tazarar mita 1.5 in zai wuce mai keke. Mu muna ganin haka ne daidai, ko da shi ke hanyoyinmu da bakinsu ya zaizaye ba kullum su ke ba da wannan fili ba. Inda babu fili, sai a rage gudu a jira.

Amma kada mai keke ya ce an wanke shi. Da yawa cikin masu karanta wannan takarda keke su ke hawa, mu ma haka, saboda haka za mu faɗa ba rufi. Kekunanmu nawa ne ke da birki? Wani da tafin takalmi ya ke tsayawa. Nawa ne ke da fitila? Mutum ya dawo daga kasuwa bayan magariba, rigarsa baƙa, kekensa baƙi, ba ko jan gilashi a baya, kāna ya ce direba bai gan shi ba don mugunta. Waɗansu kuma su kan bi hannun hagu don su riƙa ganin motar da ke zuwa. Ƙasar nan ta koma bin hannun dama tun ran 2 ga Afrilu, 1972, kuma keke abin hawa ne, dokar ta shafe shi. Wanda ya hau keke marar fitila da dare ya ɗora wa direba alhakin jinin da bai nema ba.

Akwai wani abu da ya fi waɗannan nauyi, shi kuwa laifin mu mazauna bakin hanya ne. Mun sha jin a na cewa direbobi ba su da tausayi, su kan buge mutum su gudu. Mun tambayi wani tsohon direba dalili. Ya ce in ya tsaya, kafin ya buɗe ƙofa jama'a sun taso da sanduna, ba mai tambaya wa ya yi kuskure. Don haka ya fi so ya wuce ya kai kansa ofishin 'yan sanda. Ba mu ce ya yi daidai ba. Amma ku duba abin da fushinmu ya jawo. A ƙauye, sau da yawa motar da ta buge mutum ita kaɗai ce motar da ke kusa wadda za ta kai shi asibitin Rano da sauri. In mu ka kore ta da duwatsu, ɗan'uwanmu ne zai kwanta bakin hanya yana zubar da jini har wata ta zo. Hukumar kiyaye haɗura da a ka kafa a 1988 ba za ta iya tsayawa a kowace kwana ba. A wannan sa'a mu ne hukuma, dattijon da ya fara isa wurin kuwa shi ne zai hana samari ɗaga hannu, ya ce wa direba ya buɗe bayan mota a sa majinyaci, mutum biyu daga cikinmu su shiga su raka shi.